Guduma Ya Je Rage Jini

Saura mako guda a tantance masu neman shiga soja, Guduma ya rasa inda zai sa kansa. Shekara uku yana cike takarda, sai bana sunansa ya fito, kuma bana ce damarsa ta ƙarshe, don baɗi shekarunsa sun haura abin da ake ɗauka. A gidan bulo yake aiki, mutumin da zai loda mota guda bai ce wash ba, shi ya sa ma aka laƙaba masa wannan suna. Amma tun da ya ji akwai gwajin likita, ya shiga tambayar mutane yadda ake yinsa.

Kowa da abin da yake tsorata shi da shi. Wannan ya ce mai tabon tiyata ba ya shiga, wancan ya ce har haƙora ake dubawa. Direban tifa kuwa rantsuwa ya yi cewa hawan jini ne ke kayar da rabin mutane.

Ran Litinin, yana gama gudun safe, ko gumi bai share ba ya faɗa kemis ya ce a auna shi. Mai kemis ya ɗaura masa abin awo, ya duba, ya taɓe baki.

"Jininka ya hau, ɗan'uwa."

"Ya hau kamar yaya?"

"Ya hau mana. Ka je ka huta ka dawo, ko ka leƙa asibiti."

Wallahi ƙarshen maganar nan bai shiga kunnensa ba. "Ya hau" kawai ya ɗauko ya kawo gida, ya tarar da yayarsa tana guga a tsakar ɗaki.

"Yaya, wai jinina ya hau."

Ta ajiye dutsen guga ta ƙare masa kallo. "Kai ɗin? Ya hau ya tafi ina? Kodayake dubi jijiyoyin hannunka, ni dama na san jini ya yi maka yawa. Ka je ka ga likita dai."

"In je su rubuta a kati, sojoji su gani?"

Babu wanda ya ce masa sojoji za su ga katin, shi ya kitsa abinsa. Washegari a wurin aiki ya tsaya yana kallon tankin ruwa ya cika yana ambaliya, Oga yana faɗa a buɗe famfo a rage. Nan dabara ta faɗo masa. Abin da ya hau ai yawa ya yi, abin da ya yi yawa kuwa ragewa ake.

Ran Laraba ya je asibiti ya ce ya zo ba da gudummawar jini. Kafin a ɗiba, nas ta auna shi ta ce komai daidai. Kun ga, nan ya kamata bawan Allah ya tambaya, amma sai kansa ya ƙara ɗaurewa. Ita ce mai gaskiya ko mai kemis? Ko awon masu ba da jini daban ne? Ko tana son ledarta ta cika ne kawai? Ya miƙa hannu, aka ɗebi leda guda.

Kwana biyu yana jin jiri-jiri in ya sunkuya ɗaukar bulo. Ya ce lallai sauran hawan ne bai gama sauka ba. Ran Asabar ya tafi wani asibitin sanye da riga mai dogon hannu. Da aka tambaye shi yaushe rabonsa da ba da jini, ya ce bai taɓa ba, ya miƙa ɗaya hannun.

Ranar tantancewa da gudu aka fara, zagaye shida na fili. Guduma da ke yin goma kullum, a zagaye na biyu ya ga filin yana juyawa, a na uku ƙafafunsa suka ƙi. Sai farkawa ya yi a kan gado ana ƙara masa ruwa, likitan soja na duban gurbin allura a hannayensa biyu.

"Me kake tsira wa kanka?"

"Ba komai, ranka ya daɗe. Jini na rage. An ce ya hau."

Likita ya cire tabarau ya dube shi. "Leda nawa?"

"Biyu."

"A mako ɗaya? Malam, hawan jini ba yawan jini ba ne, ƙarfin turawarsa ne a cikin jijiya. Duk wanda ya gama gudu aka auna shi a take, zai ga ya hau, ya huta ya sauka. Lafiyarka ƙalau, kai ka jawo wa kanka ƙarancin jini."

Hawa, yawa, ƙaranci, duk suka cakuɗe wa Guduma.

"To ranka ya daɗe, in na murmure in dawo jibi?"

"Yau ake rufewa. Sai dai baɗi." Likita ya duba shekarar haihuwarsa a takarda, ya buga hatimin bai cancanta ba.

A bakin ƙofa yayarsa na jira. Ta karɓi takardar ta juya ta gaba da baya. "Ba ka ce ka rage ba? Ko bai isa ba ne?" Ya buɗe baki zai yi mata bayani, kuka ya ƙwace masa.

Jama'a, idan an faɗa muku wata kalma game da lafiyarku ba ku gane ba, ku tambayi likita har sai kun gane. Kada tsoron gwaji ya sa ku yi wa kanku magani da zato, don yana iya raba mai lafiya da damar da ba ta dawowa.