Tsohon Da Ya Kasa Gane Sumuni

Malama Zebo ta yanka gurasa gida biyu, ta sake yayyanka rabi guda gida huɗu. Ta ɗaga ƙaramin yanki sama.

"Baba Ergash, duba da kyau. Wannan sumuni ne, ɗaya bisa takwas. Wancan kuma rabi. Wanne ya fi girma?"

Tsohon ya leƙa taga, ya ɗauki sumunin ya cinye. Ya jawo rabin ma ya gama da shi. Sannan ya goge gemu. "Sumuni mana, 'yata. Takwas ai ta fi biyu."

Ajin ya fashe da dariya. Malamar kuwa kamar ta yi kuka.

Wata uku ke nan tana koyar da manya lissafi bayan la'asar, a wani ɗaki na ofishin unguwa a garin Margilan. Masaƙa da masu sayar da shayi duk sun gane. Shugaban unguwa ya riga ya gaya mata, in mutum ɗaya ya faɗi jarrabawa za a rufe ajin, a mayar da ɗakin wurin ajiye kujerun biki. Mutum ɗayan kuwa ga shi nan a layin gaba, kusa da tebur.

Abin haushin, ba ya fashi. Da ta ce a buɗe littafi, shi zai gaya wa na kusa da shi lambar shafin, nasa littafin yana rufe. Alli ma in ya riƙe, sai ka rantse da shi aka haife shi. Amma da an zo amsa sai shirme.

Ta gwada da kankana, ya cinye sulusi biyu ya ce bai ga bambancinsu ba. Ta kawo alewa don ta nuna masa sifiri ɗigo biyar daidai yake da rabi, ya lashe yatsu ya ce wannan ɗigon shi ke rikita shi, a sake.

Ana jibi jarrabawa, ta wuni a bakin tanderu. Ta shigo da faranti cike da samsa, irin samosar da ake gasawa, guda ashirin da huɗu, masu kitsen rago, suna ta tururi.

"Yau sai ka gane, Baba. Ɗauki rubu'in farantin nan."

Ya ɗauki tara.

"Shida ne! Shida!"

"To bari in rage," in ji shi, ya tura uku a baki ɗaya bayan ɗaya.

Yana cikin tauna aka banko ƙofa. Wata mata ce, da jakar magani a hannu. Baba Ergash ya yi wuf ya cusa ragowar a cikin hularsa.

"Baba! Ashe nan kake zuwa? Likita ya ce ba kitse, ba zaƙi, ba gurasa. Wata uku ina dafa maka kabeji, ina mamakin yadda kake ƙiba!"

"Yi haƙuri," in ji Malama Zebo, "laifina ne. Mahaifinki ba ya gane kashi-kashi sai da abinci."

Matar ta dube ta, ta dubi littafin da ke kan tebur.

"Malama, shekara talatin yana koyar da lissafi a jami'a. Littafin nan da kike karantar da su da shi, shi ya rubuta."