Takalman Gudu a Jakar Awo

Mijinta ya same ta a falo tana haki, ta dafe cikinta na wata biyar. Ya buɗe jakar da take zuwa awo da ita, ya zaro takalman gudu.

"Wannan ne awon, ranki ya daɗe?"

Ta sunkuyar da kai. "Likita ce ta sa ni gudu a kan inji. Sugana ya hau."

"Shi ne kika ɓoye min?" Ya daɗe yana kallonta. "Cikin ne ba kya so, ko ni?"

Ta ɗago, idonta ya kawo ruwa. "Ɓari biyu na yi ina kwance yadda ka ce. Wannan karon maganar likita zan bi."

Ya mayar da takalman cikin jakar.

"Gobe ƙafata ƙafarki. Daga bakin likitar zan ji," in ji shi.

"Ƙarfe bakwai," ta ce. "Ba ta jiran mai makara."