Suna a Cikin Shinkafa

Mugdha na tsintar shinkafa a barandar gidansu a Nashik lokacin da Chinmay, saurayinta, ya dawo daga wurin Guruji, malamin taurari. Ya zauna bai kalle ta ba.

"Me Guruji ya gano?" ta tambaya.

"Ranar da aka haife ki wata yana burujin Zaki. Ni nawa Kifi. Wai ba sa jituwa."

"Zaki ai ba ya cin kifi. Ina rigimar?"

Bai yi dariya ba. "Akwai magani. Ranar aure ango kan rubuta wa amarya sabon suna a farantin shinkafa. Innata ta ce a zaɓa miki na wani burujin."

Ta tsaya da tsintar, tana nazarin fuskarsa.

"Wato wata zai manta inda ya tsaya ran nan? Da gaske nake son sani."

"Ban tambaya ba."

"A da, sunaye biyu Baba yake kira a gidan nan," ta ce a hankali. "Tun rasuwar yayana, ɗaya ya rage masa."

Chinmay ya jawo farantin. Sannan ya baje shinkafar, ya rubuta da yatsa: Mugdha.

"Innarka fa?"

"Sai a sauya nawa. In zama zaki."

"Kai da ƙadangare ke kora?"

Daga cikin ɗaki mahaifinta ya ɗaga murya: "Mugdha!"

"Amsa mana," in ji Chinmay. "Ke ake kira."