Lemar Jatau

Ga ta nan, ga ta nan ku, jama'a.
Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Da ƙungiyar 'yan goro ta unguwar Sabo a Ibadan ta cika shekara hamsin, shugabanninta suka ce ba za su yi taro irin na kowa ba. So suke mutum ya diro daga jirgin sama da lema, riƙe da tutar ƙungiya, ya sauka a gaban manyan baƙi.

Ba su sha wahalar neman mutumin ba. Akwai Jatau, tsohon sojan lema, wanda tun da ya ajiye kaki yake gadin wani sito a Ojoo. Maigadi ne, amma in ya fito masallacin Juma'a sai ka rantse attajiri ne, don matarsa Madina sana'arta ke nan a cikin gida, wanki da guga, kuma ba ta yarda mijinta ya fita da yamutsattsen kaya.

Wahalar a takardu take. Jami'in da aka turo daga hukumar jiragen sama, wani Bayarabe mara fara'a, ya duba filin da suka zaɓa a Sabo, ya ɗaga kai ya ga wayoyin lantarki, ya ce, "Oga, a nan? Ko tantabara sai ta yi addu'a kafin ta sauka."

Aka mayar da taron wani fili a Akinyele. Ya ce sai an ja igiya tsakanin jama'a da wurin sauka, aka ja. Ya ce sai motar asibiti, da inshora, da izinin masu kula da sararin sama, aka kawo. Ya ce lema biyu doka ta sani, babba da ta ko-ta-kwana, kuma ta biyun mai lasisi kaɗai zai naɗe ta, ya ɗaure bakinta da jan zare, ya maƙala 'yar dalma mai lambarsa.

Mai lasisin Labaran ne, aminin Jatau tun suna barikin soja. Ya wuni yana naɗe lemomin a gaban jami'in, igiya bayan igiya, ya ɗaure, ya sa hannu.

Ranar Laraba Jatau ya ɗauki jakar lemomin ya kai gida, don malaminsa ya zo ya tofa mata addu'a. Ranar Alhamis ya tafi Legas karɓo takardar likita, ita ce ta ƙarshe, bai dawo ba sai yammacin Juma'a.

Asabar da safe aka auna iska, ta yi daidai. Jami'in ya duba jan zare da dalma, ya gyaɗa kai, karo na farko da aka ga haƙorinsa. Babu takardar da ta rage.

Da hantsi jirgi ya bayyana. Makaɗa suka tsaya. Wani ɗan ɗigo ya faɗo, sannan lema ta fito, fara tas, tana ɗaukar ido, har mata suka rangaɗa guɗa. Sai dai ba ta buɗe ba. Ta miƙe a bayansa kamar rawanin da aka warware. Ya yar da ita, ya ja ta biyu. Ita ma ta fito fara tas, ita ma ba ta sha iska ba.

A bayan igiyar ya faɗi, inda ba kowa. Motar asibiti ta isa cikin minti ɗaya, kamar yadda doka ta ce, amma gawa ta ɗauka.

Masu bincike suka tarar igiyoyin sun sarƙe, yadin ya manne da juna, wasu wuraren ya ƙandare har ya huje. Suka ce ruɓaɓɓun kaya Labaran ya naɗe ya sa wa hannu. Ya yi ta rantsuwa cewa lafiya lau ya rufe su, kuma jakar ta kwana uku ba a wurinsa ba. Aka nuna masa jan zare da dalma mai lambarsa, suna nan daram. A doka, hannun da ya ɗaure shi ne hannun ƙarshe.

Aka ƙwace lasisinsa, aka tsare shi. A Sabo mutane suka daina sayen ƙosan matarsa, Aishatu Humaira. Lauya ya ce mata abu ɗaya ya rage kafin ranar hukunci: in matar mamaci ta sa hannu cewa ta yafe, wataƙila alƙali ya sassauta.

Ta sami Madina tana takaba, zaune a kan tabarma, ta rame. Humaira ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Yaya, don girman Allah. Shekara talatin suna tare. Kin san maigidana, Baban Najiba, ba zai cuce shi ba."

Madina ta ajiye carbi ta ɗago.

"Humaira, tashi, ba zan sa ba. Kowa ya yi nasa, mijinki ne kaɗai ya ci amana. Kin ga yadda ya miƙo masa kayan nan? Duk ƙura, duk wari, a cukurkuɗe, wai da su zai sauka gaban manya! Ni da ba aikina ba, wuni na yi ranar Alhamis na wanke su duka biyun, na sa musu sitaci, na goge su da dutse mai zafi, na ninke kamar kayan sallah, har jan zaren da ya tsinke sai da na zura masa sabo."

Ƙurunƙus kan kusu. A nan ta tsaya, ni ma a nan bakina ya tsaya.