Badon da Inna ta dafa

Muna yara a Paikon Kore, mukan tsinko bado a kududdufi, mu ɓare da haƙori mu ci ɗanye. A nan ƙanena ya kwaso tsutsar hanji, gudawa ta ramar da shi. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti, abokanmu suka shigo da bado cike da riga. Na zaci Inna za ta kore su, sai ta ɗora tukunya.

Ta ce, "Ba zan hana ku ci ba, amma sai ya ga wuta."

Maƙwabta suka yi ta dariya, wai wa ke dafa bado? Yau jikokinsu dafaffe suke ci. Ni dai na san tukunyar wa aka fara ɗorawa.