Kwamfutar da Aka Zana a Allo

Satin Auta uku da fara aiki a rumbun ajiyar magunguna, manaja ya leƙo ofishinta.

"Mai digiri, jera mana magungunan nan a kwamfuta, waɗanda suka kusa lalacewa su dawo sama. Kafin a tashi."

Ta ce to.

Shekara huɗu ta yi tana karanta harkokin kasuwanci. Darasin sarrafa bayanai da kwamfuta zango ɗaya tak aka ba shi, shi ma a allo aka ƙare shi. Malamin yakan zana akwati da alli ya ce, "Ku ɗauka wannan ce kwamfutar." Ɗakin kwamfutocin kuwa kullum da kwaɗo, wai kada ɗalibai su lalata su kafin masu duba makaranta su zo. Auta ta haddace takardun malam har da kurakuran bugu, ta fi kowa maki.

Yanzu ta ina za ta buɗe baki ta ce ba ta iya ba? Ta yi ta lalube har ta zaɓi layin ranakun lalacewa, ta danna maɓallin jerawa. Ranakun suka jeru tsaf. Daɗi ya kama ta, ta adana. Ashe ranakun kaɗai suka motsa, sunayen magungunan suna nan inda suke. Kowane magani ya ari ranar wani.

Ba wanda ya tsaya duba jikin kwali, ai kwamfuta ta faɗa. Aka ƙone lafiyayyen magani, lalatacce kuma aka loda a mota. Sai da wani asibiti ya dawo da kayansa da wasiƙa mai zafi asiri ya tonu.

"Ina kwafin da kika ajiye kafin ki taɓa jerin?" in ji manaja.

Auta ta san tambayar nan. Ta fito musu a jarrabawa, shafi biyu ta cika a kan amfanin ajiye kwafi. Amma hannunta bai taɓa ajiye ko ɗaya ba.

"Ajiye mana makulli, Mai digiri. Mu magani muke sayarwa, ba hadda ba."

A gida mahaifinta ya daɗe yana juya takardar korar.

"Auta, ba ke ce kika zo ta ɗaya ba?"

"Ni ce, Baba."

Ya ninke takardar, ya miƙa mata. Ita kuwa gara a ce duka ya yi mata.

Jama'a, makarantar da ta koyar da kwamfuta da alli ta cuci ɗalibanta, ta cuci duk wanda zai dogara da aikinsu. A bar ɗalibai su taɓa, su ɓata, su gyara tun suna aji.