Kek Mai Lotsattsen Gefe

Ƙwan ya suɓuce daga hannun Muzdalifa ya fashe a daɓen madafin surukarta. Ta tsaya tana kallonsa. A tsakar gida dangin mijinta sun baje tabarmi, sun ci tuwon Sallah sun ƙoshi, suna jiran kek ɗin da aka yi musu alkawari. Ita kuwa, wallahi, ko ta inda ake fara irin wannan kek ɗin ba ta sani ba.

Bara ne likita a Gusau ya raba mijinta Bashar da alkama, ya raba shi da madara da nono, bayan ciwon ciki ya kwantar da shi a asibiti. Mutumin da bai san karin kumallo ba sai burodi da shayi mai kauri! Ya rame, abu kaɗan ya hau faɗa. Muzdalifa ta duƙufa kallon masu koyar da girki a waya, tana gasa kek na garin shinkafa da ayaba a obin ɗinta mai gas. Yau ya fito kamar dutse, gobe kamar kunu. Ko kaji sai sun yi shawara kafin su taɓa.

Tana cikin kuka a kan wani ƙonanne Lantana ta same ta, 'yar Bungudun nan da ke zuwa yi mata kitso. Sati na zagayowa sai ga Lantana da ƙunshi a tsumma mai tsabta.

"Wata ce can wajen Tsafe," in ji ta. "Ɗanta ma haka yake fama, saboda shi ta koya. Ba ta dai son surutu."

Garin shinkafa ne da ruwan aya, da ayaba da dabino, an jera yankan mangwaro a sama. Laushi kamar auduga. Aibinsa kawai wata lotsawa a gefe guda, da ɗan ƙanshin hayaki. Bashar ya dawo daga ofis ya cinye rabi a tsaye, ya ɗago da ido jajir.

"Ke kika yi?"

Ba ta ce e ba. Kai kawai ta gyaɗa, kuma wannan gyaɗawar ce ta ja mata yau.

Daga nan duk Juma'a ƙunshin na zuwa. Ta rufe lotsawar da yankan mangwaro ko gwanda, ta kunna obin na ɗan lokaci don gida ya ɗauki zafi. Bashar ya murmure. Ya riƙa gutsura wa abokan aiki yana cika baki da matarsa, ita kuma duk yabon da ya yi sai ta ji kamar ta nutse.

Bashar ɗan fari ne. Mahaifiyarsa, Inna Tambaya, irin matan zamanin da ce masu riƙon alkunya: ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, in ta kama dole sai ta ce "yaron ga". Ran da ta je asibiti ma a bakin ƙofa ta tsaya, ta gaisa da Muzdalifa, ta tambayi abin da likita ya hana, ta juya. Kowa ya san al'ada ce. Bashar ne kaɗai ya ƙulla abin a ransa.

Yau da suka zo Bungudu gaisuwar Sallah ya amayar da shi. Ana yaba yadda ya yi ƙiba, sai ya ɗaga murya yadda har na cikin ɗaki za su ji.

"Ai ba don matata ba, da yanzu wani zancen ake. Wasu ko 'ya jiki' ban samu daga bakinsu ba."

Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Ƙanwarsa Ikhlas, don ta kashe maganar, ta ce to a gasa musu wannan kek su ma su ɗanɗana. Bashar ya ce yanzu kuwa, ya aika kasuwa aka kwaso kaya.

Muzdalifa ta laɓe a bayan rumbu ta kira Lantana a waya.

"Yau?" in ji Lantana. "Haba, ai matar nan yau gidanta cike yake da baƙi."

Shi ke nan. Ga gari, ga aya, ga ayaba, ga ƙwai a ƙasa. Tonon asirin da ke tafe bai kai mata zafin abin da ya riga ya faru ba: da ƙaryarta aka ci fuskar tsohuwa a gaban 'ya'yanta da jikokinta.

Sai ta ji takun sawu. Inna ce. Ta shigo ta saki labulen buhu a bayanta.

Muzdalifa ta zube a gwiwa. "Inna, ni fa wallahi..."

"Tashi, ɗiyata. Kak ki ce komi." Ta dubi ƙwan, ta dubi garin. "Kin saba da na gas, mu nan da yashi muka gasawa. Ni taya ki. In ya gasu ke za ki fita da shi da hannunki, kuma yaron ga ba ya buƙatar jin wani zance."

Ta jawo wata tsohuwar tukunya mai yashi a ciki ta aza bisa murhu, ta ware ayabar da ta fi nuna ba tare da ta ko duba ba. Sannan ta yi ɗage, ta miƙa hannu bayan jerin ƙore, ta sauko da gwangwanin gasa kek, baƙi ƙirin da hayaki, lotsattse a gefe guda.